Ƙaramin Injin Ƙanƙara na Gida: Wanki, Kulawa da Gane Matsala

Ƙaramin injin ƙanƙara da ake ɗorawa a kan tebur ya fara shiga gidaje da shagunan lemo, musamman lokacin bazara da watan azumi. Wasu iyalai kuma don mara lafiya suke saye: wanda ke wankin ƙoda aka taƙaita masa ruwa, ko wanda maganin kansa ya sa masa gyambon baki, ko mai kumburin gwiwa. Idan kuna da shi, ko kuna shirin saye, ku riƙe wannan tun farko: injin ba ya tsaftace ruwa, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin da kuka zuba masa, da abin da ya taru a cikinsa, shi za ku tsotsa.

Yadda yake aiki

A ƙasan injin akwai tanki mai cin ruwa kamar lita biyu. Ƙaramin famfo yana tura ruwan sama zuwa wani tire, inda wasu 'yan sandunan ƙarfe masu kama da yatsu suke nutse a ciki. Kwampireso irin na firji yana sanyaya yatsun, ruwa ya daskare a jikinsu. Bayan minti 6 zuwa 13 sai injin ya ɗan ɗumama su, ƙanƙarar ta saki, wani faranti ya tura ta cikin kwando. Yawancinsu guda tara suke fitarwa a zagaye ɗaya.

Kwandon nan ba firiza ba ne. Ƙanƙarar da aka bari a ciki tana narkewa, ruwan ya ɗiga ya koma tanki, injin ya sake daskarar da shi. Ke nan ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa. Duk wanda ya sa hannu ya ɗebi ƙanƙara, dauɗar hannunsa ta bi wannan hanya ta shiga tanki, ta dawo cikin ƙanƙarar anjima da ta gobe. A nan ya bambanta da robar ƙanƙara ta cikin firiza, wadda ake juyewa a sake mata sabon ruwa.

Cututtukan da ke bin ƙanƙara

Ƙwayoyin da ke kawo taifot, kwalara, atini, ciwon hanta nau'in A, da ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa, duk suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara. Sanyi kwantar da su yake yi. Wasu suna mutuwa, amma waɗanda suka rage suna iya isa su kwantar da mutum da zarar ƙanƙarar ta narke a kofi. A shekarar 1987 dubban mutane sun kamu da amai da gudawa a jihohin Fensilbeniya da Delawe na Amurka, aka bi diddigi aka gano ƙanƙarar kamfani ce da aka yi da gurɓataccen ruwan rijiya. Haka kuma lokacin annobar kwalara ta ƙasar Peru a 1991, masu bincike sun sami alaƙa tsakanin cutar da shan abin sha mai ƙanƙara a wurin masu sayarwa bakin titi.

Wannan ɓangaren ruwa ne da hannu. Akwai kuma na injin kansa. Duk inda ruwa ya daɗe a kwance cikin duhu, ƙwayoyin cuta suna manne wa roba su yi wa kansu wani yauƙi da ke kare su. Ku shafa bangon tanki da yatsa mai tsafta: idan kun ji santsi, shi ne. Wani lokaci yakan fito ruwan hoda, wani lokaci baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna a murfi da lunguna. Ɗauraya kawai ba ta fitar da shi, sai an goge. Bayan injin kuma ɗumi yake fitarwa, wanda ke ƙara wa ƙwayoyin daɗin zama. A asibitoci an sha gano ƙwayar Lejiyonela, mai kawo ciwon huhu mai tsanani, a cikin injinan ƙanƙara, kuma waɗanda ta fi kamawa su ne marasa lafiyar da ke ƙwarewa, ruwan ya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu.

Lafiyayyen babba yakan sha irin wannan ƙanƙara ya tsira da ɗan murɗawar ciki, ko ma bai ji komai ba. Shi ya sa mutane ke raina abin. Amma ga jariri da ƙaramin yaro, mai juna biyu, tsoho, mai shan maganin kansa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai cutar da ke karya garkuwar jiki, lissafin daban ne.

Ruwan da za ku zuba

Ruwan da kuka yarda ku ba mara lafiyarku ya sha, shi kaɗai za ku zuba. Idan daga rijiya, ko bohol, ko jarkar 'yan ga-ruwa kuke samun ruwa, ku tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ku rufe ya huce sarai kafin ku zuba. Ruwan zafi yana lalata robar tanki. Ruwan leda kuwa ingancinsa ya danganta da kamfanin da ya yi shi da inda aka ajiye shi, don haka ga mai raunin garkuwar jiki ni na fi son a tafasa, ko a yi amfani da ruwan gora da aka amince da shi. Kada a ciji leda da haƙori a matse a tanki. A wanke bayanta a yanka da almakashi mai tsafta.

Ku sauya ruwan tanki kowace rana. Ƙari a kan na jiya ba sauyi ba ne: a buɗe toshin da ke ƙasa, a tsiyaye tsohon gaba ɗaya, sannan a zuba sabo, kada ya wuce layin da aka zana.

Ruwa zalla ake zubawa. Zoɓo, kunun aya, madara ko lemo suna toshe famfo, sukarin da ke cikinsu kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta a bututun da hannu ba ya kaiwa. Mai son ƙanƙarar zoɓo ya yi ta a firiza.

A ɗebi ƙanƙara da ludayin da ya zo da injin, a ajiye ludayin a rufaffen kwano a waje. Barinsa cikin kwando yana sa mariƙin da hannu ya taɓa ya kwanta a kan ƙanƙara. Yara su ne suka fi buɗe murfi su sa hannu, sai a ɗora injin inda ba sa kaiwa.

Wankin mako-mako

Idan kullum ake aiki da shi, ku wanke sau ɗaya a mako. In akwai mai raunin garkuwar jiki a gidan, ku mai da shi duk kwana uku. Ku wanke kuma kafin amfani na farko, da duk lokacin da ya yi kwanaki a ajiye.

Da farko ku kashe shi ku cire fulogi daga soket, ku wanke hannu da sabulu. Ku fitar da kwando da ludayi ku wanke su kamar kwanukan abinci. Ku jawo injin bakin tebur, ku tara bokiti, ku buɗe toshin ƙasa ruwan ya fita. Kada ku kifa shi ko ku kwantar da shi don ruwa ya zube, saboda man da ke cikin kwampireso zai bar wurinsa. Sai ku samu tsumma mai laushi da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ku goge bangon tanki, ƙarƙashin murfi, tiren sama da farantin da ke tura ƙanƙara. Lunguna da bakin toshi sai da buroshin haƙori sabo wanda aka ware don wannan aiki kawai. A ƙasan tanki akwai 'yar raga a bakin famfo, a nan gashi da tsaki suke maƙalewa, ku duba ta. Yatsun ƙarfen ku shafa su a hankali, domin gas ke bi ta cikinsu. Ban da soson ƙarfe, ban da toka ko yashi, ban da omo. Duk ƙarzar da kuka yi wa roba ta zama maɓoyar ƙwayoyin cuta. Ku ɗauraye sau biyu ko uku, har ƙamshin sabulu ya tafi.

Jikin injin na waje da tsumma mai danshi ake gogewa. Ba a watsa masa ruwa, ba a kuma tsoma shi a baho.

Farin ɓawon da ke kama ƙarfe

Idan kun taɓa ganin farin abu kamar alli ya kama gindin butar shayi, shi ne yake kama yatsun injin da bututunsa. Sinadarin kalsiyam ne na cikin ruwa, kuma ruwan bohol da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da shi sosai. Shi kansa ba guba ba ne. Illarsa ita ce yana hana ƙanƙara saki, yana rage ƙarfin famfo, yauƙin nan kuma ya samu wurin kamawa. Sabulu ba ya fitar da shi, sai abu mai tsami.

Ku haɗa farin ruwan kal da ruwa, kofi da kofi, ku zuba a tanki. In injinku yana da maɓallin wanke kansa ku danna, in ba shi da shi ku bar shi ya yi zagaye biyu ko uku kamar yana yin ƙanƙara. Ku bar haɗin ya jiƙa wurin na minti 15 zuwa 20, ku goge, ku tsiyaye. Kada ya kwana a ciki, tsami yana cin rufin da ke jikin ƙarfen idan ya daɗe. In babu ruwan kal, ruwan lemun tsami da aka tace sosai yana yi. Daga nan ku zuba ruwa mai kyau, ku zubar da ƙanƙarar zagaye biyu ko uku na farko. Sau ɗaya a wata ya isa, sai dai in ruwanku yana saurin yin ɓawo.

Kashe ƙwayoyin cuta

Mutane da yawa suna tsayawa a ruwan kal su ɗauka an gama. Ruwan kal na ɓawo ne, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta, balle a gidan da ke da mara lafiya. Wannan aikin bilic ne, irin na wankin farin kaya, marar turare. Ku duba jikin kwalbar: idan an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, ku zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, a ruwa lita biyu. Kada ku ƙara don neman ƙarfi, wannan ya wadatar. Bayan an wanke an ɗauraye, ku zuba haɗin a tanki, ku shafa shi a murfi da bango, ku jiƙa kwando da ludayi a ciki, ku bar injin ya zagaya da shi kamar minti biyar. Ku tsiyaye, ku ɗauraye da ruwan sha, ku zubar da ƙanƙarar farko har sai warin ya gushe. Ku haɗa sabo duk ranar da za ku yi, don ƙarfinsa yana tafiya. Wasu kamfanoni sun hana bilic a injinsu, sun ba da nasu maganin wanki, saboda haka ku duba littafin da ya zo da shi.

Kada ku taɓa haɗa bilic da ruwan kal ko lemun tsami. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido, maƙogwaro da huhu, kuma a ƙaramin kicin marar taga tana iya kai mai asma asibiti. In za ku yi duka biyun rana ɗaya, ku ɗauraye sosai a tsakani. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba musu rana. Wanda ya shaƙa ya fita waje ya sha iska, ya wanke ido da ruwa mai yawa, in tari ko sarƙewar numfashi ya ci gaba a kai shi asibiti.

In za ku ajiye injin, misali da hunturu, ku wanke, ku tsane shi da tsumma, ku bar murfi da toshi a buɗe kwana ɗaya ya bushe ƙayau kafin ku rufe. Wanda aka rufe da danshi, da fumfuna za a same shi.

Wuri, zafi da wutar lantarki

Sabon inji, ko wanda aka ɗauko a mota, a bar shi tsaye na wasu awowi kafin a jona, gwargwadon yadda littafinsa ya ce. A ɗora shi a wuri mai daidai, nesa da rana da murhu, a bar masa tazarar kamar taƙi ɗaya daga bango ta kowane gefe don fankarsa ta samu iska. Yawancin waɗannan injina an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna haura 40. Don haka in kun ga ƙanƙara ta fito siririya da tsakar rana, ba lallai ne ya lalace ba. Ku zuba masa ruwan da ya yi sanyi a firji ko randa, ku yi ƙanƙarar da asuba ko da dare, ku kwashe ta zuwa firiza cikin leda mai tsafta ko rufaffen kwano. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ragar fanka, sai a riƙa share ta da busasshen buroshi bayan an cire fulogi.

Idan an ɗauke wuta an dawo da ita, ko za ku juya zuwa janareto, ku jira minti biyar kafin ku kunna. Kwampireso ba ya son tashi nan take bayan ya tsaya. Wuta mai rauni ma tana ƙona shi, don haka sitabilaiza yana da amfani. Wanda aka kawo muku tsaraba daga Amurka ko Kanada, ku duba bayansa: in an rubuta 110 ko 120, kada ku jona shi kai tsaye a wutarmu mai ƙarfin 220 zuwa 240, sai da taransifoma.

Akwai ɓangaren lafiya a ɗauke wuta. In ta daɗe, ƙanƙarar kwando ta narke, ruwan tanki ya yi ɗumi ya kwana, ku zubar ku sake sabo.

Idan ya ƙi aiki

Matsalar da aka fi kawowa ita ce fitilar neman ruwa ta kama alhali tanki cike yake. Yawanci ragar famfo ce ta toshe, ko ɓawo ya rufe abin da ke jin ruwan, kuma wanki da ruwan kal yana warware ta. Wasu injinan da gishirin da ke cikin ruwa suke gane akwai ruwa, saboda haka ruwan da aka tace ƙwarai, irin na batir, yakan ruɗa su.

In fitilar cikar kwando ce ta kama kuma kwandon wayam, ku duba gefe biyu na bakinsa. Akwai wasu ƙananan idanu biyu da ke kallon juna, ɗigon ruwa ko dauɗa ko guntun ƙanƙara yana iya tare su. Ku goge da auduga. Hasken rana kai tsaye ma yana ruɗa su.

Ƙanƙarar da ta haɗe wuri ɗaya ta maƙale a yatsu, ku kashe injin ku bar ta ta narke da kanta. Kada ku sa wuƙa ko cokali ku ɓamɓara. Gas ɗin da ke cikin da yawa daga waɗannan injina, wanda ake rubutawa R600a a bayansu, yana kama wuta, kuma huda bututu ɗaya ya isa ya kashe injin. Maƙalewa tana yawan faruwa in ɓawo ya yi yawa ko ɗaki ya yi sanyi sosai, sai ku wanke ku zaɓi ƙaramar ƙanƙara.

Wari ko ɗanɗanon roba a sabon inji yana tafiya bayan wanki. A tsohon inji kuwa alamar tsohon ruwa ce ko yauƙi. Yoyo ta ƙasa, ku fara duba toshi ko ya zauna daidai. Farin tsakiyar ƙanƙara iska ce da ta maƙale lokacin daskarewa, ba cuta ba ce. Haka kuma ƙanƙara garau ba ta nuna ruwan yana da tsafta.

Ku cire fulogi ku kira mai gyaran firji idan fanka na juyi amma yatsun ba su yi sanyi ba bayan zagaye biyu ko uku, ko kwampireso na ƙyasƙyas yana tashi yana mutuwa, ko kun ji warin ƙonewa, ko jikinsa yana jan mutum. In kuma baƙar fumfuna ta shiga bututu tana dawowa bayan kowane wanki, shawarata kada mara lafiya ya ƙara shan ƙanƙararsa.

Ƙanƙara da mara lafiya

Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, ƙanƙara tana cikin lissafi. Kofi ɗaya na dakakkiyar ƙanƙara kamar rabin kofin ruwa ne. Ku narkar da guda goma na injinku a kofin awo sau ɗaya, ku san abin da kowace take ɗauke da shi.

Masu karɓar maganin kansa su tambayi likitansu tukuna. Tsotsar ƙanƙara lokacin da ake sa wasu magunguna, irin su fulororasil, tana rage gyambon baki. Amma mai karɓar okzalifilatin an hana shi abu mai sanyi na wasu kwanaki, domin yana sa masa jin kamar maƙogwaro ya shaƙe da tsikari a hannu.

Don targaɗe ko kumburi, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga. Ba a ɗora ta kai tsaye a fata, musamman ga mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji. Ba a sa ƙanƙara a ƙuna, ruwan famfo mai sanyi ake kwarara wa wurin na minti 20. Mai sikila kuma ba a ɗora masa ita a inda ke ciwo, don sanyi yana tsuke jijiyoyin jini ya ƙara tayar da ciwon, ɗumi ne nasa. Kada a ajiye insulin a kwandon injin ko a manne shi da ƙanƙara, domin in ya daskare ya lalace.

Ƙanƙarar wannan inji mulmulalliya ce mai santsi, tana iya shaƙe ƙaramin yaro. Ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana ƙwarewa, kada a ba shi sai ma'aikatan lafiya sun duba haɗiyarsa.

Akwai kuma wanda za ku ga kullum yana tauna ƙanƙara, kofi bayan kofi, ko da hunturu. Wannan kwaɗayi sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ayan a jiki, kuma an fi ganinsa ga masu juna biyu da mata masu zubar jini da yawa lokacin al'ada. A je a auna jini. Yawanci kwaɗayin yana tafiya in an fara magani, haƙora ma su huta.

Yaushe za a ga likita?

Cutar da aka sha a ƙanƙara ba lallai ta bayyana ranar ba. Norobairos yakan ɗauki awa 12 zuwa 48, kwalara daga 'yan awowi zuwa kwana biyar, taifot mako ɗaya zuwa uku, ciwon hanta nau'in A kuma mako biyu zuwa bakwai. Idan mutum biyu ko fiye a gida suka fara amai ko gudawa lokaci ɗaya, ku dakatar da injin, ku zubar da ƙanƙarar da kuka tara a firiza, ku fara ba su ruwan gishiri da sukari na leda wanda aka haɗa da tafasasshen ruwa.

Ku garzaya asibiti in gudawar tsuga ce kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko amai ya hana komai zama, ko fitsari ya ɗauke, ido ya faɗa, yaro ya galabaita ya ƙi nono. Haka in zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ido ya yi rawaya, musamman ga mai juna biyu. Mai shan maganin kansa ko wanda aka yi wa dashe, in zafin jikinsa ya kai digiri 38 kada a jira gari ya waye. Ku gaya wa likita irin ruwan da kuke zubawa a injin da ranar da kuka wanke shi na ƙarshe.